Malam Hamidu Yasore da Ƙasar da Ya Tara

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Agusta na 1988, a kwanakin ƙarshe na watan Babbar Salla, Allah ya karɓi ran Malam Hamidu, malamin gona, a gidansa da ke Yasore ta ƙasar Batsari, bayan jinyar ciwon hanta da ta cinye masa bazara da rabin damina. Da hantsi ya cika, aka yi masa sutura bayan azahar. Ya bar matarsa Kulu, da 'ya'yansa Musbahu da Zuwairatu, da yayarsa Hansai wadda ta goye shi yana jariri. Ya bar ni kuma, ni Mati, malamin disfensa na Runka, taubashinsa.

Yaya Hansai ce ta ɗora mini wannan rubutu. Ta same ni a zaure bayan an watse daga sadakar arba'in, ta ce, "Mati, kai ka iya boko. Ka rubuta abin da yaron nan ya yi, mutane su ji. Ka sa har da nawa, kar ka rage komi." Yaron da take nufi ya haura hamsin, furfura ta gama da gemunsa, amma ita har ya koma ga Allah ba ta daina ganinsa a bayanta ba. Na ce mata to, shi ya sa abin da zai zo a ƙasa game da ita da izininta ne.

Hamidu, ka san yabonka ba sana'ata ba ce. Gwaggona ta haife ka, saboda haka tsakanina da kai babu komai sai tsiya da zolaya, kuma muka ƙare rayuwa a haka ba wanda ya gaji. Tare aka kai mu elementare, tare muka sha bulala, a shekarar da ƙasar nan ta sami mulkin kanta kuma kowa ya kama aikinsa. Ni aka tura ni disfensa, kai aka ba ka keke da malafa aka ce kai ne malamin gona. Na sha faɗa maka a gaban jama'a cewa ɗan manomin da sai da ya je makaranta aka koya masa noma abin a taya shi da addu'a ne. Kai kuma ka ce mutumin da duk iliminsa bai wuce jan ruwa da farin ruwa a kwalba ba, bai isa ya yi wa kowa gori ba. Yau ina neman wanda zai mayar mini da magana, na rasa.

Alherinka mutanen ƙauyukan nan sun fi ni saninsa. A farin saba'in da uku, lokacin da yunwa ta sa mutane suka cinye irin da suka ajiye don shuka, rumbunka ka fasa ka raba, kai da Kulu kuka koma cin rama da tafasa kamar kowa. Ranar jana'izarka wani dattijon makiyayi daga Babban Duhu, Hamma, ya riƙe hannuna yana ba ni labarin ranar da shanunsa suka faɗa gonarka suka yi ɓarna. Ya ce ya zo ya riga ya sallama cewa gaban alƙali za a je. Kai kuma ko kallonsa ba ka yi ba, kana durƙushe tsakanin kunyoyi, sai tambayarsa kake wane layi shanun suka fara ci, don kana so ka san harawar wane wake suka fi so. Da ya nuna maka, sai ka ce ya kwashe sauran harawar ya ƙara musu. Yana ba ni labarin yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

Amma yawancin waɗanda suka sallace ka ba su san abin da ka kashe ƙuruciyarka da ƙarfinka a kai ba. Sun dai san kana son ƙasa fiye da kima, har wasu na cewa kanka da motsi. Ni ma na faɗa, na fi kowa faɗa.

Ranar da ka fara yi mini bayani muna bakin gonar gwaggo. Ka tuge wake guda, ka kakkaɓe shi, ka nuna mini 'yan ƙullutai da suka yi wa saiwarsa ado. Na ce wannan ai cuta ce, ka ba ni in sa masa jan ruwa. Ka ce ɗakuna ne. A cikin kowane ɗaya akwai wasu halittu ƙanana da ido ba ya gani, dangin waɗanda nake tafasa allura don in kashe, sai dai su waɗannan ba cuta suke kawowa ba. Idan wake ya tsiro ya ji yunwa, saiwarsa kan tsatso wani ruwa ɗan mitsitsi a cikin ƙasa, kuma wannan ruwan kira ne. Halittun da ke kusa, in sun gane kiran, sai su fitar da nasu ruwan, amsa ke nan. Da saiwar ta ji amsar da take jira, sai ta buɗe musu hanya su shiga, ta gina musu ɗaki ta riƙa ciyar da su. Su kuma su riƙa jawo mata abinci daga iska, irin abincin nan da ake sayarwa a buhu da sunan takin zamani, har in an cire amfani ragowar ta zauna a ƙasa geron baɗi ya samu. Ka ce ko masana a lokacin ba su kama ruwan a hannu ba, aikinsa kawai suke gani. Ka ce kamar sallama ce a ƙofar gida, in ba a amsa ba babu shiga. Na ce ashe abin da gwamnati ke ciyar da kai a kai ke nan, sauraren gaisuwar wake.

Sai saba'in da biyar ta zo, gyaɗa ta kuturce. Daga Yasore har Runka har bakin dajin Rugu ba ka ganin komai sai ganye a dunƙule, rawaya, ƙasa kuma babu ko kwanso. Wanda bai zauna a nan ba ba zai gane abin da gyaɗa take ba a wurinmu. Ita ce tufa, ita ce man miya, ƙuli-ƙulinta kuma shi ne naman ɗan talaka. Kafin shekara ta zagayo bencin disfensata ya cika da yara masu kumburarrun ƙafafu, gashinsu ya yi ja yana zubewa, ba su da ƙarfin kuka. Ba ni da maganinsu, don maganinsu a tukunya yake. Wata rana ka zo ka zauna a ƙarshen bencin nan tun safe har na sallami na ƙarshe, ba ka yi mini tsiya ko ɗaya ba. Da za ka hau babur ka ce akwai wani wake da ake kira waken suya, wanda ya fi gyaɗa gina jiki, kuma kuturtar ba ta kama shi, za ka gwada.

Ka gwada a 'yar gonarka ta gefen ƙorama, ya fito kamar abin kirki, daga nan ya tsaya ya ƙanƙance ya yi rawaya. Ka tuge ka nuna mini saiwar, sumul, ko ƙullutu ɗaya babu. "Baƙo ne, Mati," in ji ka. "Shina ta kira, ba mai jin yarenshi a ƙasar nan." Kowane irin wake da nasa kiran, ka ce, kuma halittun ƙasarmu kiran wakenmu da gyaɗarmu suka sani. Mutane suka sami abin dariya. Duk abin da ya yi kyau a ido ya tashi a banza, sai a ce waken Hamidu ne.

Da aka tura ka wani kwas, ka dawo da ƙullin wani baƙin gari kamar dakakken gawayi. Ka ce daga ƙasar waje aka kawo shi, kuma masu amsa kiran waken suya ne a ciki. Sai dai ƙullin ya sha rana a bayan mota kafin ya iso hannunka, yawancinsu sun mutu a hanya. Ka cakuɗa irin da garin a inuwa, da ruwan ƙaro don ya kama, ka shuka. Duk gonar ta sake yin rawaya in ban da 'yan tsiraru, ba su cika hannu biyu ba, da suka yi kore shar a tsakiyar 'yan'uwansu. Su ka kafa wa kara. Da kaka ka haƙe ƙasar gindinsu ka adana, damina ta zo ka barbaɗa ta a ramin shuka, baɗi ka sake, baɗin baɗaɗa ka sake. Koren nan ya riƙa faɗi a hankali, sai ga shi wata shekara gonar duka ta rufe. 'Yan tsirarun da suka tsira daga bayan mota sun hayayyafa, jikokinsu sun saba da zafinmu da ranin da muke yi. Ba a ƙara kawo wani ƙullin ba har yau. Duk abin da ƙasar nan take da shi na waɗannan halittu a gonarka ta gefen ƙorama yake.

Daga nan ka shiga rabo. Duk wanda ya ce zai shuka, ka ba shi iri, ka haɗa masa da kwandon ƙasa a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ka bi shi da gargaɗi har ƙofar gida kada ya bari rana ta doke ta. Ka koya wa mata yadda za su yi daddawa da shi, da yadda za su surka garinsa a kunun yara. Ni na ga sakamakon da idona. Na ga yaran da na yanke wa ƙauna sun dawo da ƙafafunsu suna ɓarna a harabar disfensa, sai na kore su. Na ce maka sa'a ce kawai irin ta wawaye, ka ce ka karɓa.

Shekarun nan su ne masu daɗin, kuma ba su yi yawa ba. Kuɗin mai ya shigo ƙasa, tireloli suka riƙa sauke takin zamani, araha kamar kyauta. Kowa ya koma masara, samari kuma suka ajiye fartanya suka tafi birni bin 'yan kwangila. Ba ka yi gaba da takin ba, kai ma da hannunka ka raba shi, aikinka ne. Roƙonka ɗaya, kowa ya bar ko da kusurwar gona ce ga waken, kuma kada ya zuba masa takin. Wa zai saurare ka? Ga abu a buhu, zuba yau ka ga kore jibi. 'Yan kaɗan da suka ci gaba da shuka waken suka riƙa lafta masa taki don ƙauna, ganye ya yi kyau, in ka tuge kuma saiwa sumul. Ka ce mini shukar da ta ƙoshi ba ta kira, in kuwa ba ta kira ba, waɗanda ke jiranta a ƙasa haka za su yi ta raguwa har su ƙare.

Haka kuwa aka yi. Kuɗin man ya janye, fari ya dawo a tamanin da uku da tamanin da huɗu, taki ya zama sai wane da wane. Mutane suka fara dawowa ƙofar gidanka da hula a hannu. Ka bi gonakin da ka taɓa kai wa ƙasa ɗaya bayan ɗaya kana gwadawa, ba ka sami amsa ko a guda ba. Shekarun da suka yi babu waken, ga rana ga fari, sun kashe halittun. Ni a wurinka da na ce kowa ya je ya ci masararsa. Kai kuwa cewa ka yi gonar gefen ƙorama tana nan, za a sake daga farko.

Ba zan manta da ranar da ka zo mini Runka bara ba, babur ɗinka ko tsayawa bai gama yi ba ka diro. Wani abokin karatunka ya biyo ta Batsari ya ba ka labari cewa masana a ƙasashen waje sun kama ruwan nan da saiwa ke fitarwa, sun san ko mene ne, dangin abin da ke ba fure launi ne. Ruwan amsar ne ya rage, shi ma suna kan hanya. Ga layin marasa lafiya har waje, kai kuma kana jijjiga mini kafaɗa kana cewa, "Ka ji ko? Ashe ba ƙarya nike ba!" Kamar yaron da aka ɗinka wa rigar salla. Rabona da ganinka cikin farin ciki ke nan.

Da kaka ta yi aka ba wani ɗan kwangila aikin hanya. Masu awonsa suka zo suka kafa turaku, gonarka ta faɗa daidai inda za a haƙi ƙasar ciko. Ba ka ƙi hanya ba, kai da ka sha ɗauko mata masu naƙuda a bayan babur cikin yashi zuwa wurina. Ka dai roƙi a ɗaga maka zuwa faɗuwar ruwa, ka sami inda za ka mayar da ƙasarka. Aka ce katafila ba ta jiran damina. Kai da Kulu da jakuna biyu na aro kuka shiga kankare saman gonar kuna kaiwa gida, katafila na tafe a bayanku, abin da kuka samu kuka samu. Yanzu wurin kududdufi ne, shanu ke shan ruwa a ciki.

Ƙasar nan ka rairaye ta tsaf, ka fitar da tsakuwa da kara, ka jibge ta a ƙarƙashin rumfar da ke jikin ɗakinka, ka rufe da buhuna da zana. Safe da yamma kana yayyafa mata ruwa don kada ta bushe, duk tsawon rani, lokacin da ruwan sha ma sai an yi tafiya. Jiran ruwan farko kawai kake yi, Hamma ya riga ya ba ka aron fili. Maƙwabta sun ga ana shiga da ƙasa, amma lokacin ne kowa ke tara ƙasar gini da yaɓe, ba wanda ya tambaya.

Cikin azumi ciwo ya kayar da kai. Ranar da na zo na ga idonka ya yi rawaya, ban tsaya shawara ba, na nemo a-kori-kura muka nufi Katsina, ba ka ma san inda kake ba. Kulu ta bi mu don jinya. Musbahu yana makaranta, Zuwairatu tana ɗakinta a Safana, saboda haka aka aika wa Yaya Hansai ta taso daga Babban Duhu ta riƙe gidan. A gurguje Kulu ta bar wa maƙwabciya saƙo cewa a riƙa yayyafa wa ƙasar rumfa ruwa. Saƙon ya isa ga Yaya kamar yadda aka ba da shi, babu ragi, babu kuma dalili.

To ku da kuke karantawa ku sa kanku a matsayinta. Ta shiga ɗakin ƙaninta ta ga daɓen duk ya farfashe, ramuka ko'ina. Ta fito ta ga tulin ƙasa a jikin ɗakin, rairayayya, ana ba ta ruwa tana tsumuwa. Duk macen da ta tashi a ƙasar nan ta san ma'anar wannan, mai gida ya tara ƙasar daɓe ciwo ya hana shi. Ga salla ta matso, ga albishir ya zo cewa an kusa sallamo mu. Yaya Hansai kuwa a Babban Duhu ba a daɓen ɗakin amarya ba tare da ita ba. Ta yi gayyar matan unguwa, ta dafa musu abinci da hatsinta. Suka kwashe ƙasar nan tas suka shimfiɗa a ɗakin, suka surka da tsakuwa, suka durƙusa da madaɓai suna bugu suna waƙa har ta kwanta. Suka dafa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke sa daɓe tauri, suka kwarara da zafinsa, suka sake bugu, suka sake kwararawa. Sannan aka buɗe ƙofa aka bar shi ya bushe ƙarau a zafin bazara.

Ni na riƙo ka ranar da muka dawo, ni a dama Kulu a hagu. Muna shiga tsakar gida ka juya kai wajen rumfa tun kafin ka amsa gaisuwar kowa. An share ta fes, an shimfiɗa tabarma. Yaya ta taho da murna tana gyara ɗaurin zane.

"Hamidu, sannu da arziki. Ƙasar da ka tara na hutar da kai. Shiga ka gani."

Kulu ta saki hannunka ta ɗora nata biyu a ka. "Yaya! Wace ƙasa?"

Ka dubi Kulu sau ɗaya, ta sauke hannuwanta. Muka ƙarasa bakin ƙofa. Daɓen ya yi baƙi-baƙi yana sheƙi, santsi kamar bayan ƙwarya, ban taɓa ganin mai kyansa ba. Ka daɗe kana kallo. Ni kaɗai na san abin da ya faru a lokacin, don nauyinka ya ninku a kafaɗata.

"Yaya," ka ce, "rabona da ganin daɓe irin wannan tun na ɗakin Inna. Allah shi saka miki da alheri."

Ka tuɓe takalmi ka shiga ka kwanta a kai.

Kafin la'asar Yaya ta tsare Kulu a madafi ta ji komai. Ba ta yi kururuwa ba. Ta dai daina cin abincin kirki, kuma daga ranar ba ta ƙara taka ɗakin ba. A bakin ƙofa take durƙusawa ta gaishe ka, ita da take gaba da kai. Kullum ka ce, "Yaya, shigo mana, aikinki ne fa," ta ce nan ma ya isa.

Da ruwa ya sauka ka ɗan sami ƙarfi, ka ce mini wataƙila akwai waɗanda suka tsira, tunda kakanninsu ma sun tsira daga bayan mota. Ka sa na tafasa yashi kamar yadda nake tafasa allura, na zuba a kasko. Na fasa daɓen daga tsakiyar ɗaki, na jiƙa ɓallin, na dame shi cikin yashin, muka shuka iri. Ka koya mini abin da zan duba: in ƙullutu ya fito a tsaga shi da reza, in cikinsa ja ne kamar nama to suna raye suna aiki. Muka jira makonni. Tsiron ya yi rawaya, na tuge a gabanka, sumul. Muka sake da ɓalli daga jikin bango, shi ma haka. A lokacin cikinka ya kumbura, magana ma da ƙyar. Na ɗauko wuƙa zan fasa wani wurin, ka ɗaga mini hannu.

"Bari, Mati. Kar ka ƙarasa ɓata ma Yaya aikinta. Ba kowa ciki."

Ka juya fuska ga bango. Tun muna yara ban taɓa jin ka sallama wani abu ba sai ranar, kuma ba ka sake tayar da maganar ba.

Yaya ce ta tare ni a tsakar gida bayan kwana biyu. Ta ce gindin randar da ke kusurwar ɗakin bai taɓa bushewa ba, don tun washegarin daɓen ta mayar da randar wurin, kuma makuba ba ta isa kusurwar sosai ba. Na ɗaga randar kana barci na ɓallo ɗan abin da ya samu. Muka shuka a kasko bayan ɗaki, muka yi shawarar kada a gaya maka sai mun ga abin da ya fito, don ba ma so ka sake ganin saiwa sumul. Tsiro biyu suka fito. Suna da ganye bibbiyu ka cika.

Da safen sadakar arba'in, kafin baƙi su taru, na zagaya bayan ɗaki, Yaya na biye da ni. Ita ke ba kaskon ruwa tun rasuwarka. Na ga ganyen da duhu, amma ban yarda da idona ba, ni ba malamin gona ba ne. Na tuge ɗaya na wanke saiwar a ƙwarya. Can sama kusa da kara ga wasu 'yan ƙullutai kamar ƙwayar dawa. Na sa reza na tsaga guda. Ja ne, Hamidu. Ja kamar nama.

Ban san lokacin da na juya wajen ƙofar ɗakinka na buɗe baki zan ƙwala maka kira ba. Yaya ta zauna a ƙasa daɓas, ta ja mayafi ta rufe fuska, sai a ranar ta yi kukan da ta riƙe tun bazara.

Wannan shi ne abin da ke cina, kuma ba na jin zai daina. Ka tafi kana ganin aikin rayuwarka ya mutu a ƙarƙashin tabarmarka, alhali suna nan a kusurwa, taku kaɗan daga kanka. Ban kuma ruɗi kaina cewa an tsira ba. Abin da ya rage mana kasko ɗaya ne da tsiro ɗaya, sai ɗan abin da ke gindin randa wanda bai fi tafin hannu ba. Damina tana tattara kayanta. Ban san yawan ruwan da ake ba su da rani ba, ban san ko a bar su a kaskon ko a juye ba, abubuwan da ka yi ta faɗa ina yi maka dariya ke nan. Na je ofishinku, na tarar ba a turo kowa a madadinka ba, wanda na samu kuma ya yi mini ta'aziyya da kyau ya ce bai san kan abin ba. A disfensa yaran nan masu jan gashi sun fara dawowa benci. Ni na tsufa, Yaya ta fi ni tsufa, kuma ina tsoron ranin bana zai ƙarasa abin da katafila da makuba suka bari. In akwai mai karanta wannan da ya san yadda ake riƙon irin waɗannan halittu, don Allah ya zo Yasore ya tambayi gidan marigayi malamin gona, kada ya bari sai ƙasa ta bushe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Kulu, wadda ta ɗauki ƙasa a ka tare da shi ba ta taɓa cewa ta gaji ba, da Musbahu da Zuwairatu, da dangi na Yasore da Runka da Babban Duhu, da manoma da makiyayan da suka yi rashin mai jin kukansu. Yaya Hansai, na rubuta kamar yadda kika ce, ban rage ba. Duk wanda ya karanta ya ga ƙauna ce ta durƙusar da ke a ɗakin nan, Allah ya sanyaya miki zuciya.

Allah ya jiƙan Hamidu, ya gafarta masa kurakuransa, ya yalwata masa kabari ya haskaka shi. Allah ya sa kowane yaro da ya tashi da kunun wakensa ya zama nauyi a mizaninsa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba mu haƙurin rashinsa, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Ya Ubangiji, kai ne mai isar da abin da ka so ga wanda ka so. In akwai hanyar da labarin duniya ke kai wa ga bawanka a inda yake kwance, ka isar masa cewa na tsaga, kuma ja ne. Amin.